Ƙanƙara da rana

Lahadi 9 ga Fabrairu 2025

Yau da safe na hau rufin shago na auna shi da igiyar guga, tsawo mita 6, faɗi 3 da ɗan ɗoriya, panno huɗu na sola za su zauna har a samu wurin taka ƙafa in za a wanke su. Na ce bari in riƙa rubuta aikin nan tun daga tushe don na san halina, in kuɗi suka fara fita ba na tuna hanyar da suka bi, kuma rabin kuɗin na adashen uwargida ne, ranar da za ta ce in kawo lissafi ba na so in tsaya ina sosa ƙeya.

Sana'armu ƙanƙara da ruwan sanyi. Uwargida na haɗa zoɓo da lemun tsamiya da yawur a gida, ni ina shago, ƙanena na gefe da teburin cajin waya in ba shi da darasi a jami'a. Kwanjilater, injin daskarar da ƙanƙara, biyu ne, babba da ƙarami, su ke ci da mutum tara.

Abin da ya kai ni ga sola duk ɗan Damagaram ya san shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, farkon Agusta Najeriya ta yanke wuta, a lokacin ne da yawanmu muka fara jin cewa wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar nan, wato wutar lantarki, daga can ake sayo shi, namu na nan gabas ta layin da ya taso daga Katsina ya bi Gazawa. Mu dai maɓallin bango muka sani. A sati na biyu na zubar da bokiti uku na yawur a kwata da hannuna, uwargida na tsaye ba ta ce uffan ba, shirun nan har yau ina jin shi. Na sayi ɗan gurup, wato janareta, ya riƙe mu amma shi ke cinye ribar, kamar ka ɗauki yaron shago da ya fi ka albashi. An ɗage takunkumi 24 ga Fabrairu 2024, wuta ta dawo, mutane suka manta. Ni ban manta ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ballantana a Oktoban bara Kano kanta ta haura sati cikin duhu da aka lalata layin wuta, wato mai ba mu aron ma wani lokaci nema yake.

Abin da nake so: panno huɗu masu wat 450, batiri biyu masu amfer 200, ondilar guda, na'urar da ke juya wutar batiri ta koma irin ta gida, mai regilater na daidaita caji a cikinta. Kuran ba zan cire shi ba, in ya zo bismillah, in bai zo ba kar ya tarar da ni ina jiransa. A gama kafin azumi.

Alhamis 20 ga Fabrairu

Ranar kasuwa, na zaga kasuwar Dole har ƙafata ta yi ciwo. Panno a nan tsada, masu shago suka ce ba laifinsu ba ne, iyakar Benin rufe take tun 2023, kayan da ke sauka Kwatano a da yanzu sai sun zagayo ta Lome da Burkina da rakiyar soja, ko su shigo ta Kano. To in ta Kano ne me zai hana in aika da kaina? Jikka guda yanzu ta haura naira 2,000 wajen ƴan canji, abin da ke sa ƴan uwanmu na can kuka mu shi ke mana daɗi, Allah ya yafe mana. Na ba wani direba da ke bin Matamai da Daura kuɗin panno, ya ce kwana biyar.

Batiri kuwa Malam, mai haɗa mini solar, ya ce a gari za mu saya, abin da ka san zai iya mutuwa ka saye shi inda za ka iya komawa ka yi faɗa. Dattijo ne, ya yi shekaru yana aikin wuta a Libiya, ba ya son surutu. Muka shiga wani shago aka nuna mana iri biyu duk an rubuta 200 a jikinsu, ɗaya ya fi ɗaya sauƙi da jikka 35. Ni har na kai hannu kan mai arahar.

Malam ya ce, "Tsaya tukuna mai ƙanƙara, batiri ba da ido ake sayensa ba."

Ya sa yara suka ɗora su a kura muka tura har wurin masu awon wake, aka roƙi sikeli. Mai arahar kilo 41, ɗayan 58. Ya ce darma ce ke riƙe wuta, darma kuwa nauyi gare ta, kilo 17 ɗin nan da babu wuta ce da babu, lambar jiki fenti ce kowa na iya rubutawa. Mai shago ya ce wai kamfani ne daban-daban. Ba mu ja ba. Na ɗauki masu nauyin guda biyu, ragon da nake turke don layya a nan ya tafi. Inna ba ta sani ba tukuna.

Talata 4 ga Maris

Azumi ya kama, panno bai iso ba. Kwana biyar ɗin direba sun zama 12, in wayarsa ta shiga sai "gobe in sha Allahu." Batiri na zaune a ɗaki kamar amare. Daga la'asar yara ke layi da kwanoni da kuloli, ƙanƙarar dala goma ta koma ashirin a gari, ni na tsaya a sha biyar wai saboda maƙwabta, uwargida ta ce ba tausayi ba ne tsoron baki ne. Ta fi ni gaskiya.

Na wuce gidan mai biyu yau na ga layin babura ya fito har titi. Ban ɗauke shi komai ba.

Asabar 15 ga Maris

Esansi babu. Ba ƙaranci ba, babu. Ƴan kabu-kabu a layi suke sahur, wasu a can suke shan ruwa, mutum ya tura babur tun daga Garin Malam ya zo a ce masa yanzu ya ƙare. Abin da ke ba mutane haushi shi ne matatar SORAZ na nan arewa da mu, kilomita 50 da ɗan kai a hanyar Tanut, tun 2011 take tace man Agadem, ganga 20,000 a rana. Kowa tambayarsa ɗaya, ya za a yi mai rijiya ya kwana da ƙishirwa.

Ni ga yadda na fahimci abin, in na yi kuskure a gyara mini. Shekara da shekaru kaso babba na man da muke ƙonawa ba na famfo ba ne, na ƴan ruwa-ruwa ne, na kwalba a bakin titi da ake shigowa da shi daga Najeriya saboda can gwamnati na biyan tallafi. 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya cire tallafin, man can ya yi ta hawa. Mu kuma a Yulin 2024 aka rage lita daga 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma guda, muka yi murna. Sai duk masu shan kwalba suka dawo famfo. Matatar man guda ɗaya ba ta ƙara girma ba, bakunan ne suka ƙaru. Ashe duk shekarun nan baitulmalin Najeriya ne ke tuƙa kabu-kabun Zinder, ko godiya ba mu taɓa yi ba.

Gurup ɗina ya zama kujera. Ranar Talata na sayi lita guda jikka biyu a ɓoye don kar yawur ya mutu, ina zubawa hannuna na rawa kamar mai zuba turare.

Panno ya iso Laraba, kusurwar guda ta lotsa amma gilashin lafiya. Alhamis Malam ya ɗora su, ya ɗan karkatar da su kudu. Muka jona kwanjilater biyun lokaci guda, ondilar ta yi ƙara ta ɗauke. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an cuce ni. Malam ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce injin sanyi jaki ne da kaya, tashi ne wuya, a daƙiƙar farko yana jan ninkin abin da yake ci sau biyar ko shida, in ya miƙe kuma tafiya ba komai. A tada babban, a jira minti biyar, a tada ƙaramin. Haka aka yi, suka kama.

Jiya da la'asar na fito da ledar farko da ta daskare ba tare da kuran ko mai ba, na kai wa Inna cikin gida. Ta juya ta a hannu ta ce, "Yanzu rana ce ta yi wannan? Ikon Allah, mai kashe ta ita ta haife ta."

Bayan asham na je fada da kula cike don in yi burga. Akwai wani abokina a can, tare muka yi lakwal, tun korona yake jiran tashin duniya, kullum da sabon odiyo a WhatsApp. Daren jiya kasuwarsa ta buɗe. Wai wannan farkon ƙarshe ne, mai zai ƙare a duniya, tunda mun fita CEDEAO a 29 ga Janairu sefa ma kwananta ya kusa, za a wayi gari kuɗin hannunka takarda ne, gari zai watse kowa ya kama hanyar ƙauyen kakansa. Ya tara bido takwas na esansi a ɗakin da ƴaƴansa ke kwana. Na ce masa kai duniyarka za ta riga ta kowa tashi in ashana ta faɗi. Aka yi dariya. Shi bai yi ba, ya tsotsi ƙanƙarata ya ce, "To kai da panno ɗinka ka zaci ka tsira?" Na ce eh mana. Amma na dawo gida da tambayar.

Laraba 26 ga Maris

Kwana goma sha biyu ina rubuta abin da allon ondilar ke nunawa a bayan kwalin shayi. Panno huɗu a takarda wat 1,800 ne, mafi yawan da na gani da idona 1,280. Ƙanena ya ce lambar takarda a sanyin digiri 25 aka auna ta, gilashi kuwa da azahar a rufin kwano ba ka iya ɗora masa tafin hannu, zafi na rage masa ƙarfi, ƙura na rage saura. Wato ranar da muke taƙama da ita ta yi masa yawa shi ma.

Rana ba matsala. Dare ne. Batiri biyun a lissafi kilowat 4.8 suke riƙewa amma Malam ya rantsar da ni kar in sha fiye da rabi in ina son su yi rai, rabin nan in kwanjilater biyu na kai kafin 11 na dare ya ƙare, in babban ne kaɗai yana kai wa wajen ɗaya. Daren da aka bar mana kuran ina samun leda 70 daga babban, daren da babu 45. Na zaci na sayi ƴanci, ashe awa biyar na saya.

Dabarar da muka fara: da magariba a kashe ƙaramin a lulluɓe shi da tsohon bargo da buhunan algarara, ba mai buɗe shi sai safe ko sarki ne ya aiko. A ƙasan kowanne mun jera gorunan ruwan gishiri, da rana su sha sanyi su daskare, da dare su mayar. Ƙanƙarar ita kanta batiri ce, kuma ba a sayo ta daga Kano.

Litinin 14 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Kwana huɗu famfonmu ko tari bai yi ba. Ga rana ga panno ga kwanjilater na kuka lafiya lau, babu abin da zan zuba a ciki. Garin nan a kan dutse yake zaune, duk wanda ya ga duwatsun Birni ya san ba a haƙa rijiya a samu abin kirki, ruwanmu daga nesa ake turo shi, Gogo da Macaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa, kuma injin da ke turowa wuta yake ci. Na raba kaina da kuran ta ƙofa ya dawo mini ta taga. Bidon ƴan garuwa ya ninka kuɗi, kuma daga ciki sai na ware na wanke panno duk kwana uku, in ba haka ba wat 200 sun tafi a ƙura. Ƙanena na hawa da asuba da tsumma da rabin bokiti, ruwan da ya gangaro muna tare shi a kwano a ba tumakin maƙwabta.

Inna ce ta ga ina ɗura ruwan bido a leda, ta taɓa ta ce, "Kai ɗan nan, ruwan wanka kake ba injin ya daskarar? Ku kwantar da shi a randa mana ya huce." Jiya Lahadi na hau motar Mirriya, ranar kasuwarsu, na sayo randa huɗu manya, guda ta tsage a hanya. Muka jera ukun a zaure kan yashi mai jiƙe. Yau da asuba na auna da ma'aunin zafin da Malam ya ara mini, ruwan bido digiri 36, na randa 25. Ƙanena ya buga lissafi ya ce kada in yi rawa da yawa, babban aikin injin ba sanyaya ruwan ba ne, daskarar da shi ne, mayar da lita guda ƙanƙara daidai yake da sauke zafinta da digiri 80, don haka randa ta rage mana kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Na ce kashi ɗaya cikin goma da ba a biya faktir a kansa ba, kawo shi.

Da daren muna zaune a tsakar gida ba wuta na ba Inna labarin abokina mai tashin duniya. Ta yi tsaki. Ta ce ku ƴan yanzu in fanka ta tsaya sai ku ce alƙiyama. Ta ce a 1984 ruwa bai zo ba, Buhari ya rufe iyaka ya canja kuɗi, hatsin da ake samu daga kudu ya yanke, shi ya sa har yau yunwar sunanta El-Buhari. Mutanen Damargu suka cika gari da ƴaƴansu da ƙwaryarsu, ita tana goyon yayata, ta yi layin jar dawar taimako tun asuba, suka ci anza, sai an jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Ta ce a Janairun 1994 kuma aka kwana aka tashi an raba darajar sefa biyu, Baba yana da kuɗin kayan keke na kwali goma suka koma na biyar yana barci. "Duniyar ta tashi sau biyu a gabana, da safe kuma na share tsakar gida."

Na ji daɗin maganar, amma da na kwanta na ga ba ta rufe bakin abokina duka ba. Zamanin da take faɗi kusan kowane gida na da gona da rumbu da dangi a ƙauye da ke aiko da tiya biyu, fitilar aci-balbal ce, ba wanda cikinsa ke rataye a kwanjilater. Ƙidayar 2012 ta ce mun haura mutum 300,000 a birnin nan, yau Allah kaɗai ya san yawanmu, kuma dukanmu bututu ɗaya muke kallo. Su sun faɗo daga kan tabarma ne. Mu mun ɗan hau katanga.

Ta gano zancen ragon kuma. Ba ta yi faɗa ba, ta ce dama ta ga turken.

Jumma'a 2 ga Mayu

Ranar Litinin wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal gaba ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya, mutane suka maƙale a na'urar hawa bene, sai cikin dare zuwa wayewar gari ta dawo. Fada ta sha dariya, wani ya ce a tura musu ƴan Zinder su koya musu kwana a waje. Abokina ya ce ku yi ta dariya, in masu ƙera abin ma ya gagare su ku da kuke saye fa?

Na kwashe batiri daga shago na mayar ɗakin ƙasa na Inna, mun huda bango mun zura kabil. Shagon kwano ne, da rana tanda ne, Malam ya ce duk ƙarin digiri goma a kan 25 rabin ran batiri yake ci. Kabil mai kauri, tsawon mita huɗu, jikka 14. Ban sa wannan a lissafin farko ba.

Lahadi 25 ga Mayu

Iskar farko ta zo ranar Alhamis da dare, jar ƙura tukuna sannan yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba. Ina kwance na ji rufi na bugawa, na fita da tocila na tarar panno guda ya ɗaga baki yana sallama. Ni da ƙanena muka danne shi da igiyar gugan nan har gari ya waye. An ƙara ƙarfe an yi walda. Tun da tsohon masallacin Birni ya zube a ruwan 3 ga Satumban bara, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye, na daina cewa wani abu ya kafu.

Amma ba iska ce ta hana ni barci kwanan nan ba. In aka ɗauke wuta unguwa duka ta yi baƙi ƙirin sai ƙwan ƙofar shagona, tun daga bakin titi ake hango shi. Da farko daɗi nake ji. Yara na zuwa da littafi su zauna a ƙasa, mata na aiko da waya a sa musu caji "minti biyar kawai", ba a biya, ba ka iya tambaya. Mutum uku sun roƙi in ja musu waya zuwa gida, ƙwai ɗaya tak. Na ce batiri ba zai ɗauka ba, gaskiya ce kuma, amma ɗaya daga cikinsu ya daina amsa mini sallama da baki sai da hannu. Shekaranjiya ƙanena ya ga sawun takalmi a kan katanga ta wajen da tsani yake. Yanzu tsanin a ɗaki yake kwana, ƙwan kuma ƙarfe 10 nake kashe shi, ina da wuta ina zaune a duhu don kar a ga ina da ita.

Mutum ɗaya ne ban iya ce wa a'a ba. Wani tsoho a bayan layinmu mai ciwon suga, ya zo da kwalaben allurarsa a ƙulle cikin hula, ya ce firigon ɗansa ya zama akwati. Ba a son maganin ya daskare, in ya daskare ya lalace, don haka ba ya shiga kwanjilater, ƙaramar kula na ware masa da gorar sanyi naɗe a tsumma, ina canja ta safe da yamma. Kullum bayan asuba sai ya ƙwanƙwasa.

"Ɗana, an tashi lahiya? A ba ni ajiyata."

"Ga ta Baba, da sanyinta."

Ya miƙo dala biyar ran farko na ƙi karɓa, yanzu goro yake kawo mini, ni kuma ba na cin goro.

Talata 17 ga Yuni

Mun yi layya da tunkiya, rabin kuɗinta bashi. Kwana uku na sallah kwanjilater cike da naman mutane, kowa da ƙullinsa da alamar zare, wannan ya kawo ɗan kuɗi.

Na zauna da uwargida mun yi lissafi. Duk aikin ya ci jikka 790 har da randa da walda, nata 400 a ciki, na mayar mata 150. Azumi da Afrilu ne suka biya wannan. Abin da ya fi damuna littafin bashi ne, ya kai shafi shida, kuma ba mayaudara ba ne, mutanen da ke sayen yawur biyu ne suka koma ɗaya, masu ɗaya suka koma "rubuta". Ɗan kabu-kabu da ya kwana a layi a Maris bai yi aiki ba, matarsa ba ta sayi zoɓo ba, ni ban biya adashe ba. Panno na iya ba ni ƙanƙara, ba ya sa dala goma a aljihun mai saye.

Tun Jumma'a da Isra'ila ta kai wa Iran hari abokina ya dawo da ƙarfinsa, yanzu mashigin Hormuz ne a bakinsa, wai kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ta nan yake bi, ƙanena ya ce wannan kam gaskiya ya faɗa. Bidonsa takwas kuwa, da layi ya watse ya rasa mai saye da tsada, matarsa ta ce ko ita ko su, ya saida shida da asara. Ban yi masa dariya ba. Na ce masa tambayar da ya yi mini a azumi, amsar a'a ce. Ya ce wace tambaya? Ya ma manta.

Asabar 12 ga Yuli

Damina ta zauna, gari ya yi sanyi, ciniki ya faɗi kamar kowace shekara, leda 25 ma sai ta kwana. Ranar hadari allo ba ya wuce wat 400. Ƙaramin kwanjilater na kashe shi gaba ɗaya, uwargida ta mayar da shi ma'ajiyar gero.

Batiri guda ya fara nuna hali, da asuba yana ƙasa da ɗan uwansa da kusan rabin bolt. Malam ya zo ya auna ya yi shiru, da na matsa ya ce watan Maris da Afrilu da suka yi a tanda ba su manta ba, in na lallaɓa su wata ƙila su ga azumi biyu. Na tambayi kuɗin na lityom, ya faɗa, na ce a bar zancen. Na fara jefa dala ɗari kullum a gwangwani, na rubuta "batiri" a jiki don kar hannuna ya yi kuskure.

Sauran aiki: fizibil mai katse wuta in ta yi yawa tsakanin batiri da ondilar da Malam ke ta faɗa tun Maris ban saya ba, toshe hudar kabil da ruwa ke bi yana jiƙa bangon Inna, randa ta huɗu.

Ɗazu bayan la'asar abokina ya biyo ta shago, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar Inna sau biyu, can ya ce wai nawa panno ɗaya da ƙaramin batiri za su ci, na ƙwai biyu da fanka kawai, ba don komai ba saboda yara. Na ce sai na ga rufin. Gobe bayan azahar zan je, ya ce in taho da igiyata tasu ta tsinke.